Watan Karatu Tsakanin Garwa da Kaele

Alƙur'ani izu sittin ne, watan azumi kuwa kwana ashirin da tara ne ko talatin. Wanda ya lizimci izu biyu kullum, cikin kwana talatin ya sauke. Wannan lissafi shi ne jadawalin karatu mafi daɗewa a arewacin Kamaru. Ya girmi makarantar boko, ya girmi iyakar da ta raba Yola da Garwa. Tun ba a san ɗakin karatu ko shagon littattafai a ƙasar Binuwai ba, jama'a sun san akwai wata guda a shekara da falke ke sauke kaya, maƙeri ya rage zuga, a taru gaban mai littafi.

Garin Kaele, hedkwatar gundumar Mayo-Kani a jihar Arewa Mai Nisa, wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan tarihi. Yana kudu da Marwa, dab da iyakar Cadi, a gindin duwatsu, cikin ƙasar auduga da masakwa. Mundang ne suka fi yawa, ga Tupuri da Giziga, ga Fulani, ga Hausawa 'yan kasuwa. Fulatanci ake ciniki da shi, Faransanci na makaranta da ofis, Larabci na salla da zaure, Mundang na cikin gida da coci. Littafi ya iso wannan yanki ta hanyoyi uku, a zamani uku: hanyar malamai daga Barno da Sakkwato, hanyar Mishan da makarantar Faransawa, sai hanyar kasuwa daga Zariya da Kano. Duk hanyar da ya biyo, hali ɗaya ya tarar, mutum ɗaya yana karantawa, jama'a suna saurare, wani kuma yana juya maganar zuwa harshen da suke ji.

Tuta da gafaka

A 1809 Modibbo Adama, wanda ya yi karatunsa a Barno, ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ƙasar da aka ba shi ita ce Fombina, wadda daga baya ta ɗauki sunansa ta zama Adamawa. Ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. A ƙarƙashin tutarsa ne masarautun Garwa, Marwa, Ngaundare, Mindif, Bogo da Bindir suka tashi, kowace da lamiɗonta. Kowane lamiɗo kuma yana bukatar liman, da alƙali, da magatakarda mai rubuta wasiƙa zuwa Yola. Wannan bukata ce ta jawo malamai daga Barno da ƙasar Hausa, suka biyo ayarin fatake masu neman hauren giwa, suka yi zango, zangon ya zama unguwa. Har yau a Garwa akwai unguwar Hausare kusa da Fulɓere.

Littafin wancan zamani rubutun hannu ne. Takardar daga Italiya take zuwa, mai tambarin jinjirin wata uku, ta ratso Tarabulus ko Masar a bayan raƙumi, saboda haka tsadarta ba ta talaka ba ce. Ba a ɗinke warƙoƙin, sai a jera su cikin tadarishi, a ɗaure, a saka a gafaka. Mai son littafi sai ya aro na malaminsa ya zauna wata da watanni yana kwafa da alƙalamin gamba. Inda littafi ɗaya ke hidimar unguwa guda, karatu ba zai zama aikin mutum shi kaɗai a ɗaka ba. Dole a fito da shi zaure.

Matakan sanannu ne. Yaro ya fara da allo har ya sauke, sannan ya shiga littattafan sani: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har zuwa Muhtasar na Halilu ga wanda ya yi nisa. Malam ya karanta jimla da Larabci, ya fassara da Fulatanci ko Hausa, almajiri yana amsawa da na'am. Tafsiri ne ƙololuwa. A biranen daular Sakkwato da na Barno ba kowa ke buɗe baki ya fassara Alƙur'ani a bainar jama'a ba, sai wanda malamai suka yi wa izini, sau da yawa har da naɗin rawani. Lokacin da jama'a ke cin moriyar wannan ilimi kuwa shi ne azumi.

Littafin da ya riƙe watan shi ne Jalalaini. Malamai biyu na Masar suka rubuta shi, Jalaluddin Mahalli wanda ya rasu a 1459 bai kammala ba, da almajirinsa Jalaluddin Suyuɗi wanda ya cika ragowar. Suyuɗi ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa, domin ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Abin da ya sa Jalalaini ya dace da azumi shi ne taƙaitawarsa. Yana bin aya kalma bayan kalma, ba ya dogon zance, don haka malami mai himma yana iya ƙure shi cikin wata guda. Kusa da shi akwai Diya'ut Ta'wili na Abdullahi ɗan Fodiyo, tafsirin gida wanda aka kammala a 1816. Sai Ashafa, littafin Alƙali Iyal na ƙasar Magrib wanda ya rasu a 1149, mai bayanin darajar Annabi, wanda ake karantawa da hantsi ko bayan azahar, masu saurare suna ta salati.

Zaman tafsiri aikin mutum biyu ne. Mai jan baki ya kawo aya da ka, bisa ruwayar Warshu, malam ya karɓa ya warware. A Barno akwai tsohon harshen malamai da ake kira Tarjumo wanda aka keɓe don wannan aiki. A Fombina Fulatanci ne ya ɗauki nauyin, a zangon Hausawa kuma Hausa. Dattijon da bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya ba da ƙissar Annabi Yusufu daga rijiya har gadon mulki, domin ya ji ta shekara arba'in a jere. Ta kunne ya yi nasa karatun, kuma karatu ne na gaske.

Mata ma suna da nasu rabo. Shehu da 'yarsa Nana Asma'u sun yi waƙoƙin wa'azi da yawa da Fulatanci da Hausa cikin ajami, kuma irin waɗannan waƙoƙi sun yi jijiya a Adamawa da Diyamare, wato ƙasar Marwa. Ana rera su a tsakar gida, ana daka ana bi. Wani mai bincike ɗan ƙasar Holan, Haafkens, ya tattara waɗanda ake rerawa a Marwa ya buga su a 1983.

Takarda ta taɓa girgiza wannan ƙasa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya baro Sakkwato ya zauna a Balda, arewa maso gabas da Marwa, a farkon shekarun 1880. Malami ne, kuma da karantarwa ya tara jama'a. Wasiƙun da ya yi musaya da Mahadin Sudan su suka mayar da zaurensa sansanin yaƙi, har ya kara da Lamiɗo Zubairu na Yola, ya haɗa kai da Rabeh wanda ya ci Barno, ya kuma rasa ransa a hannun mutanen Rabeh ɗin a 1898. Mawaƙan Fulani masu waƙar mbooku a Diyamare sun adana labarin a bakinsu.

Kaele da littafin Mishan

Mundang ba su shiga wannan zaure ba a ƙarni na 19. Dawakin Fulani na Bindir suna kusa da su, an yi ta gwabzawa, amma masarautar Mundang ta Lere da garuruwan da ke bin al'adarta, irin su Kaele da Lara da Boboyo, sun riƙe addininsu na gargajiya. Taskar iliminsu tana cikin tatsuniya, da kirarin sarauta, da horon da ake ba samari a daji lokacin kaciya.

Sai Turawa suka zo. Jamusawa sun ci Garwa a 1901, Marwa a farkon 1902. Ingilishi da Faransawa sun ƙwace Garwa a 1915, dutsen Mora ya miƙa wuya a 1916, yankin ya koma hannun Faransa. Masu mulkin mallaka suna gudun ɓata wa sarakunan Fulani rai, don haka Mishan suka nufi ƙabilun da ba Musulmi ba. Berge Revne, na wata ɗarikar Lutheran daga Amurka, ya isa ƙasar Mundang a 1920. Ƙa'idar irin waɗannan coci-coci ita ce mai bi ya karanta Littafi da kansa, cikin harshen uwarsa. Saboda haka aikin farko shi ne ƙirƙiro wa harshen haruffa, a buga ɗan littafin koyon karatu, sai littafin waƙoƙi, sai Linjila guntu-guntu. Aikin ya ci shekaru fiye da sittin. Cikakken Littafi Mai Tsarki da harshen Mundang ya fito a 1983, shekarar da na Fulatancin Adamawa ma ya fito, alhali na Hausa yana hannu tun 1932. Kaele ta zama mazaunin makarantar horar da fastoci ta wannan coci. Katolika kuwa sun iso arewa a 1946 ƙarƙashin Fada Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa na farko.

A nan ma karatu bai rabu da kunne ba. Mai wa'azin ƙauye ya karanta sura, jama'a su saurara, wani ya juya zuwa Tupuri ko Fulatanci don baƙi. A kwanaki arba'in na azumin Kirista da makon Ista ana bin karatu a jere, rana bayan rana. Daga 1966 gidan shirye-shiryen Sawtu Linjiila na Ngaundare ya ɗauki irin wannan karatu da Fulatanci ya sa shi a iska.

Auduga ce ta ƙara wa boko ƙarfi a Kaele. A farkon shekarun 1950 kamfanin Faransa na CFDT ya kafa cibiyarsa a garin, da injin gurzar auduga, kafin Sodecoton ta gaje shi a 1974. Kamfani yana son mai awo, da akawu, da malamin gona, duk masu iya karatu. Mundang suka rungumi makaranta da wuri, suka yi suna a aikin koyarwa da soja da ofis a duk faɗin arewa. A biranen Musulmi abin ya yi nauyi. Iyaye da yawa suna ganin makarantar Nasara hanyar ɓata ce, wasu manyan ma 'ya'yan barorinsu suke turawa a madadin nasu. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, yana cikin 'yan kaɗan da suka haɗa allo da boko, ya zama ma'aikacin gidan waya, daga baya ya zama shugaban ƙasa na farko.

Yaron da ya shiga aji a wancan zamani, ko a Kaele ko a Garwa, littafinsa na farko shi ne Mamadou et Bineta na André Davesne, wanda ya yi shekaru yana mulkin azuzuwa daga Dakar har Fort-Lamy. Bayansa akwai tatsuniyoyin daji da kurmi da Davesne ya tsara tare da Gouin, da labarin zomo Leuk wanda Senghor da Abdoulaye Sadji suka fitar a 1953, da waƙoƙin dabbobi na La Fontaine da ake haddacewa. Abin tausayi a nan shi ne, zomo da kura da yaron ya sani tun yana goye sun dawo masa cikin harshen da ake dukansa idan ya kauce masa. A makarantu da dama akwai wata alama da ake rataya wa duk wanda aka kama yana yaren gida. Wanda ya kai sakandare sai ya haɗu da L'Enfant noir na Camara Laye, da Une vie de boy na Ferdinand Oyono, da littattafan Mongo Beti. Wanda ya fi taɓa zuciyar ɗan arewa shi ne L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, labarin yaro Bafulatani da aka cire daga gaban malamin allo aka kai makarantar Turawa. Marubucinsa ɗan Senegal ne, amma gidaje da yawa a Garwa da Marwa sun san wannan tsaka mai wuya da idonsu.

Kaya daga Zariya

A hayin iyaka, a Nijeriya, labari ya sha bamban. Ingilishi sun yarda a koyar da Hausa a makaranta, don haka suka bukaci abin karantawa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya biranen Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai. Gasar ta haifi littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Tsakanin 1937 da 1939 Magana Jari Ce ya fito cikin juzu'i uku, da labarai sama da tamanin waɗanda Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya sa musu riga da hula har ba mai cewa baƙi ne. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita.

Imam ya san masu sauraronsa. Juzu'in farko ya gina shi a kan aku mai ba da labari dare bayan dare don ya hana Musa ɗan sarki fita, wato an yanka littafin daidai zaman hira guda-guda. Ɗan makaranta ɗaya ya isa ya karanta wa gida duka, daga kaka har jikoki.

Bahaushen Kamaru bai sami wannan gata a aji ba. Makarantarsa ta Faransanci ce, ba a koya masa rubutun Hausa. A 1961 ƙuri'ar raba gardama ta mayar da yankin Mubi cikin Nijeriya, iyaka ta ƙara tabbata. Sai dai iyaka ba ta raba zumunta ba. Jiragen ruwa suna hawowa Binuwai har tashar Garwa da damina, kafin madatsar Lagdo ta 1982 ta rage ruwan. Motoci suna zirga-zirga tsakanin Yola da Garwa, Mubi da Gidar, Maiduguri da Marwa ta Banki. Cikin kayan 'yan koli, tsakanin turare da carbi da Ishiriniya bugun Kano, littafin Hausa ya sami wurin fakewa. Wanda ya iya haruffan Faransanci kuma yana jin Hausa, kwana kaɗan ya ishe shi ya saba da ƙ da ɗ da ɓ. A 1966 taron masana a Bamako ya daidaita rubutun Hausa da Fulatanci a kan haruffa masu lanƙwasa iri ɗaya, abin da ya sauƙaƙa wa mai karanta ɗayan ya kama ɗayan.

Daga 1980 sabon ruwa ya taso. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, labarin budurwa Bafulatana da ta bijire wa zaɓin dangi, ya buɗe ƙofa. Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Littattafai ne sirara, masu araha, kashi ɗaya da biyu da uku, ana saye, ana haya, ana ara wa maƙwabciya ta kan katanga. Su ne suka shigar da karatun mutum shi kaɗai cikin ɗakunan matan aure, a duk inda ake jin Hausa. Malamai sun yi ta suka, iyaye sun yi ta ƙwacewa, amma 'yan mata da yawa a kansu suka goge da karatu. Idan azumi ya kama kuwa, akasari sai a tura su ƙarƙashin katifa, a ɗauko Alƙur'ani da Arba'una Hadisi, sai bayan Sallah a ci gaba daga inda aka tsaya.

Zaure ya shiga akwati

Rediyo ya sauya watan azumi fiye da kowane abu tun bayan zuwan takarda. Daga ƙarshen shekarun 1960 Rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin Shaikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, daga baya aka ƙara da na Shaikh Ɗahiru Bauchi. Gajeren zango bai san kwastan ba. Mai shago a Garwa da mai awon auduga a Kaele suna jin abin da mutumin Zariya ke ji a dare ɗaya, suna kuma ɗaukar muhawarar Izala da ɗariƙa su kai ta majalisarsu. Kaset ya biyo baya. Tafsirin Shaikh Ja'afar Mahmud Adam na masallacin Indimi a Maiduguri, har zuwa kisansa a 2007, ya bi motocin Banki ya bazu.

A 1979 tarjamar Alƙur'ani ta Gumi zuwa Hausa ta fito, daga baya aka buga ta da yawa a Madina, alhazai suka riƙa dawowa da ita. Wannan babban juyi ne. Ma'anar da a da sai an je zaure an ji daga bakin mai rawani, yanzu ga ta a shafi, kowa na iya buɗewa bayan sahur. Bugun Madina bisa ruwayar Hafsu ya shiga masallatai ya zauna kusa da Warshun allo. An sami sauƙi mai yawa, an kuma yi asarar wani abu: mai karatu shi kaɗai ba shi da wanda zai tsayar da shi idan ya karkace, ba shi kuma da dattijon gefe da zai tuna masa yadda malamin bara ya warware ayar. Shi ya sa zaman tafsiri bai mutu ba. Har yanzu ana buɗewa a farkon wata, a rufe a goman ƙarshe da addu'a da sadaka, wanda bai kai ƙarshe ba ya sa alama sai baɗi.

Marwa ta ba da nata labari

Shekaru da dama arewacin Kamaru yana karanta labarin wasu. Marubutan ƙasar da suka yi suna 'yan kudu ne, kamfanin buga littattafai na CLE da aka kafa a 1963 yana Yawunde. Djaïli Amadou Amal ce ta juya akalar. An haife ta a Marwa a 1975, uba Bafulatani, uwa 'yar Masar, aka yi mata auren dole tana da shekara 17. Ta sha faɗa cewa karatu da rubutu ne suka cece ta. Littafinta na farko, Walaande, ya fito a 2010, yana magana a kan zaman kishi a gidan attajiri. Munyal, wato haƙuri, ya fito a 2017, ya ci kyautar Orange ta littafin Afirka a 2019. Da aka sake fitar da shi a Faransa da sunan Les Impatientes, ya ci kyautar Goncourt ta 'yan sakandare a 2020. Mata uku ne ke magana a cikinsa, Ramla da Hindu da Safira, kowace tana faɗin abin da aka ce ta haɗiye.

Wanda ya karanta Balaraba Ramat ba zai ji baƙunta a nan ba. Matsala ɗaya ce, gida iri ɗaya, nasihar gwaggo iri ɗaya ranar kai amarya. Bambancin shi ne Balaraba ta rubuta da harshen matan da take magana a kansu, Amal kuwa da Faransanci, harshen da yawancin matan Diyamare da ba su yi boko ba sai an fassara musu. Tsohon tsarin nan na mai karatu da mai juyawa ya sake dawowa, wannan karon a kan ƙagaggen labari.

Rabon yara

Wanda ya tsara wa kansa karatun wata guda a Kaele ko Garwa a yau ba zai rasa na addini ba, da Larabci ko Hausa ko Fulatanci ko Mundang. Ba zai rasa ƙagaggen labari ba, ga na makaranta da Faransanci, ga na Kano da yanzu ke yawo a WhatsApp shafi-shafi. Inda hannunsa zai dawo wayam shi ne littafin yara cikin harshen gida.

Ba don babu kayan ba ne. An tattara su tuntuni. Eldridge Mohammadou, wanda aka haifa a Garwa a 1934, ya fitar da tatsuniyoyi da waƙoƙin Fulanin Binuwai tare da Henriette Mayssal a 1965, sannan ya shafe rayuwarsa yana bin fadoji da na'urar ɗaukar magana. Tarihin Marwa da Pette ya fito a 1976, na Garwa wanda ya yi da Modibbo Bassoro a 1980. Ya ƙare aikinsa a Jami'ar Maiduguri, ya rasu a 2004. Fada Dominique Noye ya rubuta tatsuniyoyi da karin magana na Diyamare, ya bar ƙamus na Fulatanci da Faransanci. Paul Eguchi, masani daga Japan, ya buga juzu'ai na tatsuniyoyin Fulanin arewacin Kamaru. Amma galibin waɗannan ayyuka a Faris da Tokyo aka buga su, don masana, da tsada, babu zane. Jikokin tsofaffin da suka ba da labaran ba su taɓa ganinsu ba. A Nijeriya Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa yaran Hausa wannan hidima da Tatsuniyoyi da Wasanni, juzu'i shida, a farkon shekarun 1970, aka sa su a aji. Yaron Mundang da na Tupuri da na Fulanin Diyamare har yanzu suna jiran irin nasu ya wadata a kasuwa.

Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta amince a raya harsunan ƙasa a makarantu. Jami'ar Marwa ta buɗe a 2008, da babbar makarantar horar da malamai, kuma sashenta na ma'adinai da man fetur yana Kaele. Garwa ta sami tata jami'ar a 2022. Ɗaliban da ke cika waɗannan azuzuwa su ne na farko a tarihin yankin da suka haɗa harshen kaka, da haruffan rubuta shi, da waya a hannu mai iya ɗaukar murya. Juzu'an Eguchi da na Noye da kaset-kaset ɗin Eldridge suna nan a ajiye. Abin da ya rage shi ne wanda zai zaɓo labari talatin daga ciki, ya sauƙaƙa rubutun, ya nemo mai zane a Marwa, ya buga su a farashin da uwa mai sayar da ƙosai a tashar Kaele za ta iya biya.